Ƙafar Kuloci

Direban yana zaune a ƙofar motarsa a tasha, rigarsa na lilo a jikinsa kamar an shanya ta. Daga leda yake zaro wani abu mai kama da sabulun wanki: gyaɗa, ƙwai da garin madara, ko ƙwayar sukari babu. Da gani, matarsa ce ta danne a faranti ta yayyanka.

"Baba, yau ma bulo za a ci?" in ji mai shayi.

"Ciwon suga, ɗana. Likita ya ce ko bulo, ko ƙafa."

Ƙafar ta hagu ce, mai taka kuloci, naɗe da bandeji. Ita ke ciyar da gidansa. Yana taunawa, yana matsa babban yatsan ko zai ji wani abu. Har ya haɗiye, bai daina matsawa ba.