Ƙunshi Na Goma Sha Tara

Ran Laraba, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, wana Malam Haliru ya cika a gidanmu na Bodinga. Mu uku ne a kansa: ni ƙanensa Saje Umaru, da matarsa Hajara, da limamin unguwarmu. Bana shekara bakwai ke nan. Ban zo yabonsa ba, ɗalibansa sun fi ni iyawa. Laifina na zo faɗa, kuma zan bi shi daki-daki.

Ni iyakata elementare, daga nan soja. Shi kuwa ya sauke Alƙur'ani, ya yi littattafai, ya yi boko, har ya zama mai koyar da waɗanda za su zama malamai a kwaleji. Sai dai ba ya zama aji. Da rani ya kama yakan kwaso ɗalibansa zuwa fadamar Danchadi, ya tsayar da su bakin rijiya guda, su wuni. Su auna zurfinta da igiya, gaba nawa. Su murza ƙasar da aka haƙo, su ɗanɗani ruwan. Su tambayi tsoho wa ya gina ta, zamanin wane hakimi. Su tambayi Bafillace sunan ciyawar da ke gefenta. Sannan ya tambaye su ko alwala ta halatta da ruwan in ya jirkice. Wani Baturen makaranta ya taɓa tambayarsa wane darasi ne nasa, don a rubuta a jadawali. Ya ce, "Ranka shi daɗe, rijiya nika koyarwa." Baturen bai yi dariya ba. Ni ma da na ji ban yi ba.

Haka ya bi rijiyoyi daga Dingyadi har Lambara, yana rubutawa.

Bayan sadakar arba'in Hajara ta buɗe mini adakarsa. Na tarar da takardu ƙunshi-ƙunshi, an ɗaure da kaba. Kowane ƙunshi cakuɗe yake: ga Larabci, ga lissafi, ga zanen ganye, ga labarin tsofaffi da ajami. Raina ya ɓaci, na ce ciwo ne ya hana shi tsarawa. Na kwance su duka, na kwana uku ina jerawa. Kashi na ɗaya, Larabci, na ba liman. Na biyu, lissafi, na ba wani malamin elementare a Shagari. Na uku, ƙasa da ciyayi, na ba malamin gona, wanda tuni aka sauya masa gari. Na huɗu, labaran tsofaffi, ɗalibai suka raba don tunawa.

Hajara tana bakin ƙofa ta ce, "Sanda, shi ba haka ya ɗamre su ba."

Na ce mata sha'anin takarda ba nata ba ne. 

Kowace takarda tana da lamba da jan tawada a kusurwar sama. Na gan su. Da na ga lamba ɗaya ta maimaitu a takardu da yawa, na ɗauka kuskure ne.

Watan jiya mai garin wani ƙauye kusa da Lambara ya yi mini sallama. Rijiyarsu ta rufta. Sun haƙa biyu, duk sun ci karo da dutse. Matansu tun asuba suke fita neman ruwa, sai hantsi su dawo. Ya ce Malam ya taɓa kwana uku a wurinsu, ya ce akwai ruwa kusa, ya rubuta wurin da zurfinsa. Bayan girbi za su haƙa ta uku. In ta ƙi, gari zai tashi. Na ɗauko takarda ɗaya da na rage, mai sunayen ƙauyuka a jere. Ƙauyensu ne na goma sha tara. A nan na gane. Kowane ƙunshi gari guda ne. Zurfin yana Shagari, alamar wurin tana hannun malamin gona, abin da tsofaffi suka faɗa yana gun wanda ban sani ba.

Yanzu ana maganar mulkin kai, ana cewa za a buɗe mana manyan makarantu, kowane fanni da ɗakinsa da malaminsa. Ban san abin da Malam Haliru zai ce ba, da yana raye. Ina jin zai tambaya, wane ɗaki ne na ruwan sha? Ni ba ni da bakin sukar kowa, don abin da ake shirin yi da gini na riga na yi shi da hannuna a kan tabarma.

Ana cewa ya bar ɗalibai, haka ne. Amma na tambayi huɗu, kowa gefe guda ya riƙe.

Saboda haka ga roƙona. Duk wanda takardar Malam Haliru ta shiga hannunsa, ya dubi kusurwar sama. In ya ga goma sha tara da jan tawada, ya aiko Bodinga kafin a gama yankan dawa, a ce a ba Saje Umaru. Ko ta yage, ko gara ta ci rabi. Kada ya zaɓi wadda yake gani mai amfani, kada ya jera. Hajara ce za ta ɗaure su.