Badaru da Furogirama Mai Nauyi

Badaru mai gyaran rediyo ya tsufa a shagonsa na Ƙofar Dundaye, ƙamshin dalma ya kama rigunansa har wanki ba ya fitar da shi. A zamaninsa, da hannu ake sanin kayan kirki. Ka ɗaga taransifoma, in ta rinjayi hannunka, to jan ƙarfe ne a ciki. In ta yi sakayau, ka mayar wa mai ita.

Sai wayoyi suka zo suka kashe rediyo. Badaru ya koma yini yana korar ƙuda, abin ya ishe shi. Shagon kuwa na gado ne, kuma yayansa Maccido, mai fataucin hatsi, ya ce in Babbar Salla ta wuce ba aiki, zai zuba buhunan gero a ciki.

Da furfurarsa Badaru ya shiga koyon sabon abu a waya. Akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa, ba ta kai ɗan yatsa ba, wadda ake koya wa aiki. Ya ƙudura zai sa ta riƙa kashe injin ruwa in tanki ya cika, ya sayar wa ma'aikatan unguwar Arkilla da ke fita ofis su bar ruwa na malala. Amma sai da furogirama, na'urar da ke ɗura mata umarni daga kwamfuta.

A kasuwa, Ja'afar mai kayan lantarki ya ajiye masa guda biyu.

"Baba, wanga ƙarami shi ad daidai da ƙwaƙwalwar da kas saya."

Badaru ya ɗaga ƙaramin, kamar ɓawon gyaɗa. Ya ɗaga babban, ya ji hannunsa ya nutse.

"Kai dai ba ni wanga. Tun ba a haihe ka ba nike sayen kaya."

A shago ya tarar bakin wayar babban ba shi da ramin shiga a kwamfutarsa. Ya nemo mahaɗi, ya sha rana, mahaɗi ya shiga, ƙwaƙwalwa ta yi gum. Ashe babban da ƙwaƙwalwar ba ma jinsinsu ɗaya ba. Makonni suka tafi a haka, idanunsa na ruwa, bayansa na ciwo. Kunya kuma ta hana shi komawa wurin Ja'afar sai da aka ci naman layya.

Ƙaramin da ya sayo bai yi gardama ba. Ranar da Maccido ya iso da amalanke, Badaru ya kai ga darasin farko ke nan: wata 'yar jar fitila tana kunnuwa tana mutuwa bisa umarninsa.

"Yaya, zo ka gani. Ni nas sa ta."

Maccido ya sunkuya ya duba, ya daɗe yana jiran sauran.

"Shi ke nan aikin?"

"Shi ke nan, tukuna."

Maccido bai yi dariya ba, wannan ya fi yi wa Badaru ciwo. Ya dafa kafaɗar ƙanensa, ya ce wa masu dako su bar wa malam wurin kujerarsa, sannan suka fara jera buhuna.