Waƙar da Aka Buɗe wa Fayil

Har yau ban manta da ranar da na buɗe wa waƙa fayil ba. Wata Laraba ce a watan Nuwamba, saura shekara biyu in yi ritaya. Ina akawu a rajista, wato ofishin ajiye fayiloli, mataki na shida, a wata hukumar gwamnati da ke Utako. Ku yara da kuka shigo aiki yanzu kuna ganina da carbi kuna cewa Baba Sani mutumin kirki ne. To ku saurara.

Duk ƙarshen shekara hukumarmu kan fitar da 'yar mujalla ta ma'aikata. Akan ajiye akwati a bakin matakala, mai labari ko barkwanci ya jefa. A ƙa'idar ofis, takarda ba ta tafiya ita kaɗai. Sai an sa ta a fayil, an ba ta lamba, ta bi teburin kowane ɗan kwamiti ya rubuta ra'ayinsa a ƙasa ya sa hannu. Wannan ra'ayin shi muke kira minit. Mai ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur shi ne masinja, kuma masinjanmu Malam Haruna ne, mutumin Kafur, mai shekara hamsin da wani abu. Matarsa ta rasu da damina, muka je gaisuwa gidansa a Kurudu a motar ofis, muka dawo, shi ke nan.

Ran nan na buɗe akwati na tarar da fallen takarda ɗaya da Hausa, babu suna. Baiti shida ne. Na farkon ya zauna mini a rai:

Akwai wani ɗaki a ƙirjina,
Babu taga, babu fitila.
Ina gaida kowa da safe,
Ba wanda ya san ba na nan.

Tun layin farko na gane hannun. Shekara goma sha ɗaya Malam Haruna yana sa hannu a littafin da masinja ke rubuta fayil ɗin da ya ɗauka, kuma littafin a gabana yake kwana. Yadda yake jan wutsiyar harafi ba ya ɓuya mini. Na sani sarai, kada wani ya nema mini uzuri.

Ni ne sakataren kwamiti, don haka minit na farko nawa ne. A lokacin an san ni da ban dariya, kuma Oga, wato mataimakin darakta, yana son minit ɗina saboda haka. Sai na rubuta cewa waƙar ba ta da amsa-amo, baitocin wani dogo wani gajere, kuma maganin mai ita shayi mai kauri da biyan kuɗin wuta. Na sa hannu, na buga ƙararrawa. Malam Haruna ya shigo, ya ɗauki fayil ɗin, ya hau sama da shi.

Kwana uku yana yawo da waƙarsa a hammata. Jami'in yaɗa labarai ya rubuta cewa ba ta dace da murnar ƙarshen shekara ba. Oga ya rubuta cewa mumini ba ya yanke ƙauna, marubucin ya yawaita istigfari, ya kuma ja layi a ƙarƙashin maganata ta shayi alamar ta ba shi dariya. Mutum ɗaya ce ta karanta waƙar da gaske, Madam Comfort ta sashen ma'aikata, wadda ta tashi a Kaduna. Ta rubuta layi ɗaya: a nemo mai wannan takarda a tambaye shi lafiyarsa. Ba ta tsaya nan ba, ta sauko har rajista.

Ta ce, "Malam Sani, wannan ba waƙa ba ne fa, kuka ne. Kai da kake ganin rubutun kowa, ba ka gane hannun ba?"

Na ce mata mutane sun fi ɗari a ginin nan, ina zan gane. Dalilina ƙarami ne, abin kunya. In na ce na san mai ita, to kowa zai ga cewa da sanina na yi wa mai makoki ba'a a rubuce. Sai na ƙara minit na biyu, cewa an bincika ba a gano marubucin ba. Oga ya rubuta a ajiye. Malam Haruna da kansa ya kai fayil ɗin sito.

Da ya dawo na tambaye shi, ina wasa, ko ya leƙa abin da ke ciki. Ya ce shi masinja ne, ɗauka kawai yake yi.

Bayan hutun sabuwar shekara bai dawo aiki ba. A doka, in ma'aikaci ya yi kwanaki ba izini, akan ba shi takardar tuhuma ya yi bayani. Ni na buga ta, kuma da yake babu masinja, ni aka aika in kai. Na hau mota zuwa Kurudu da hantsi. Na same shi zaune a ƙofar ɗaki, ya rame, rigar da ke jikinsa ta kwana biyu. Ƙaninsa ya zo daga gida yana ɗaure kaya. Shi ya gaya mini a gefe cewa Yaya ya daina cin abinci sai an matsa, ba ya magana, likita ya ba da magani ya ce kada a bar shi shi kaɗai.

Na zauna muka gaisa. Takardar tana aljihuna, na kasa fito da ita. Malam Haruna ne ya fara maganar, a hankali, bai ko dube ni ba.

Ya ce, "Duk abin da aka rubuta na karanta, a kan matakala. Na Oga bai dame ni ba, bai san ni ba. Da na ga Madam ta ce a nemo ni, sai na ce to Malam Sani zai kira ni. Mako biyu ina shiga ofishinka ina tsayawa."

Na tuna tsayuwar. Nakan ɗaga kai in ce babu fayil yanzu, ya je ya dawo.

Na ce, "Malam Haruna, ka yafe mini."

Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya miƙo hannu don takardar, ya ce ya san ba ziyara ce ta kawo ni ba. Na ba shi, ya sa hannu a kwafina kamar kullum.

Washegari na je wajen Madam Comfort na faɗa mata komai. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ita ta bi takardun likita har aka janye tuhumar aka yi masa ritaya ta rashin lafiya. Yana Kafur yanzu. Nakan kira ƙaninsa, ya ce da sauƙi, wani lokaci yana zuwa gona. Shi kansa bai taɓa karɓar wayar ba, ni kuma ban matsa ba.

Aikin rajista yana koya wa mutum amsa takarda da sauri, har ya manta wani ne ya zauna ya rubuta ta. Mu huɗu muka yi sharhi a kan waƙar nan, ɗaya ce ta tambayi lafiyar mai ita, kuma ni na tare hanyar tambayar. In takarda irin wannan ta faɗo hannunku, ku ajiye biro, ku tashi ku nemi mutumin. Ba a can saman bene yake ba. Sau da yawa yana tsaye a bakin teburinku.