Tsakanin Kaka da Ɗan Farinta

Kakata ba ta taɓa kiran sunan Kawu ba, domin shi ne ɗanta na fari. In ya zo gaishe ta, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Shi ya sa da ciwon daji ya kama ta a nono, shi ne na ƙarshen ji, alhali direba ne a wani babban asibiti a birni.

Lokacin ina firamare a Gagarawa, ba a daɗe da daina kashe fam da sule ba. Ni nake wanke tsummokaran da take ɗaure wurin da su kafin in tafi makaranta. Da Kawu ya zo, ni suka sa a tsakiya.

"Gaya wa Inna likitocinmu suna gwada wani sabon magani," in ji shi. "Amma sai mai sauran ƙarfi suke ɗauka. Tun yaushe ya fara?"

Na maimaita mata, ko da yake ta ji.

"Ce wa wancan tun daminar bara."

Ya daɗe yana kallon takalmansa. "Ai na zo da Sallah."

"Ce masa na gan shi."

Duk da haka ya kai ta. Likitocin suka ce ciwon ya riga ya kai huhu, ba za su sa ta a gwajin ba. Kawu ya dawo da ita ta hanyar Gumel, tana kwance a bayan mota. Da aka shigar da ita ɗaki, ta ce in kai wa wancan ruwa, hanyar da nisa.