Tambayar da Na Yi a Gaban Buba

Shekara talatin da biyu na yi ina aikin jinya. Na manta sunayen mutane da yawa, har da na waɗanda suka yi mini alheri, amma wata Litinin ta watan Yuli a 1991 ta ƙi barin raina. Ku yaran da kuka shigo aikin nan yanzu kuna yawan tambaya me ya sa nake korar 'yan rakiya daga ɗakin duba mata. Na ma ji wasunku na ce mini Sista A-Jira-A-Waje a bayan idona. Na ji, ban kuma ji haushi ba. Ku zauna ku ji dalili.

A lokacin ina nas kuma ungozoma a wani asibiti a Kafanchan, shekarata shida da gama makaranta, ina ji da kaina ƙwarai. Tsarinmu a sashen masu zuwa su koma gida shi ne, mara lafiya ya yanki kati, ya zo wurina in auna zafin jikinsa da jininsa, in tambayi abin da ke damunsa in rubuta, sannan ya shiga wurin likita. Likita ɗaya ne tal, layi kuwa har gindin mangwaro. Saboda haka abin da nas ta rubuta a kati shi likita ke bi. In ta kauce hanya, tare za su kauce.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wani Bafulatani mai kimanin shekara arba'in ya shigo da wata dattijuwa. Sunansa Buba, ita kuma Dija, mahaifiyarsa, daga wata ruga suka fito ta wajen Jagindi. Doguwa ce siririya. Ta zauna a bakin benci ta juya fuskarta wajen bango. Na gaishe ta, ta amsa da kai. Na tambaye ta me ke damunta, shiru. Na sake tambaya da ƙarfi kamar da kurma nake magana, nan ma shiru. Sai na yanke wa kaina cewa ba ta jin Hausa, na ce wa Buba ya matso ya yi mana tafinta.

Ya ce shi rakiya kawai ya yi, gara ya tsaya a waje. Na ce masa ba ni da lokacin jan magana, ya dubi layin da ke jirana. Ya matso, amma bai zauna ba, idonsa na kan sandarsa. Ta bakinsa na ji cewa ƙugunta da mararta ke ciwo wata da watanni, ga kasala.

A nan sai in yi bayani don waɗanda ba aikinsu ba ne. Macen da ta daina al'ada shekara da shekaru, in ta ga jini, ko ɗigo ɗaya ne, ko wani ruwa mai ja-ja, to ba al'ada ce ta dawo ba, dole a bincika. Sau da yawa ba abin tsoro ba ne, amma wani lokaci ita ce alamar farko ta sankarar mahaifa, wadda wasu ke kira ciwon daji. Tana farawa ne a shimfiɗar cikin mahaifa, inda ɗa ke kwanciya. In an kama ta tun tana ciki, sai a cire mahaifar, mata da yawa su koma gida su ci gaba da harkokinsu. In ta tsallake ta kama sassan da ke kusa, aiki ya yi wuya. Duk na san wannan, na ma ci jarrabawa a kansa da maki mai kyau.

Don haka da na dubi shekarun Dija, na ce wa Buba, "Tambaye ta, tana ganin jini ta ƙasa?"

Ya faɗi wata gajeriyar magana da Fulatanci, bai dube ta ba. Ita ma ba ta dube shi ba, ta girgiza kai.

"Ta ce babu," in ji shi.

Na rubuta babu jini, har na ja layi a ƙasa. Likita ya karanta, ya danna cikinta ta saman zane, ya rubuta maganin ciwon jiki da na ƙarin jini. Suka tafi. Ni kuwa na kira na gaba, ina ganin na yi aikina yadda littafi ya ce.

A watan Maris na 1992, an mayar da ni ɗakin kwanciyar mata, aka shigo da wata tsohuwa a riƙe, ƙanwarta na tallafe da ita. Ta rame, idanunta sun yi fari fat, ga wani wari da duk mai aikin nan ya san ma'anarsa. Ban gane ta ba sai da aka kawo katinta na ga rubutuna da layin da na ja. Da na ja labule na sunkuya zan gyara mata kwanciya, ta dube ni ta ce da Hausa tangaram, "Sannu 'yata. Ke ce ta ranar nan."

Na ce, "Inna, ashe kina jin Hausa?"

Ta yi ɗan murmushi, ta ce shekara talatin tana sayar da nono a kasuwar Kafanchan, da wane baki nake zaton take ciniki? Ta ce jinin ya riga zuwansu na farko da wata huɗu, kuma shi ne ma ya kawo ta. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini.

Ta ce, "Ɗan farina ne. Ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Sai in buɗe baki in yi zancen jini a gabansa?"

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba baƙon abu ta faɗa mini ba. Kusa da ruga na tashi. Ƙawar uwata Bafulatana ce, na sha ganin ɗan farinta ya shigo ta ɗauke kai kamar ba ita ta haife shi ba, muna yara muna dariya. Na san wannan kunyar tun kafin in san allura. Amma da na ɗora farar hula a kaina, sai na bar wancan sanin a gida.

Likita ya duba ta, wannan karon yadda ya kamata. Aka ba ta jini, aka shiga da ita tiyata aka kankaro ɗan nama daga cikin mahaifar, aka sa a kwalba aka aika Jos, don mu ba mu da masu gwajin nama. Mako uku muka yi muna jira. Sakamako ya zo da abin da hannun likita ya riga ya ji: sankara ce, kuma ta bar mahaifa ta kama mafitsara. Ya ce fiɗa ba za ta yi amfani ba. Gashi da na'ura kuwa, wato ƙone ciwon da haske, a lokacin sai an dangana da Kudu, jikinta ba zai ɗauki tafiyar ba.

Ba wanda ya tuhume ni. Ni na ɗauki katin da hannuna na kai wa Matiron, wato shugabar nas-nas, wata dattijuwa 'yar Kagoro wadda ba ta ɗaga murya amma kowa na tsoronta. Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce da irin Hausarta, "Saratu, ka yi tambaya, gaskiya ne. Amma ba ka tambayi mai ciwo ba." Iyakar abin da ta ce ke nan, da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na kuma tambayi likita ko da an gano a Yuli da ta tsira. Ya ce ba zai rantse ba, amma da ta fi samun dama nesa ba kusa ba.

Daga ranar na karɓi jinyarta. Ni ke wanke ta, ni ke canja mata ƙyalle, in ba ta maganin rage zafi. Ba ta taɓa cewa wayyo ba, sai dai in ga ta damƙe bakin gado. In ta ɗan samu sauƙi takan tsokane ni, ta ce mu mutanen gari ba mu san nono mai kyau ba, ko an tsula ruwa saye muke. Buba kullum yana waje a baranda, in ya leƙo gaisuwa ta amsa tana duban wani wuri. Amma in ya fita, sai ta tambayi ƙanwarta a hankali ko wancan ya ci abinci.

Da ta fahimci ba sauran abin da za mu yi, ta ce a mayar da ita ruga kafin ruwa ya sauka hanya ta ɓaci. Da safen da za a sallame ta ta riƙe hannuna ta ce, "Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ya san saboda shi na yi shiru." Na yi mata alkawari.

Ana cikin shimfiɗa mata tabarma a bayan a-kori-kura, Buba ya tare ni a baranda.

"Sista, ranar da na fara kawo ta, ciwon nan yana nan?"

Na ce yana nan.

"Da an gani ranar, da an yi mata aiki?"

Na ce mai yiwuwa, amma laifin nawa ne, ni ce ban yi tambaya yadda ya kamata ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Abin da kika ce in tambaye ta, ban tambaya ba. Ce mata na yi ko tana tari. Bakina ne ya kasa. Ta ji ki, ta kuma ji ni."

Ashe sirrin da na yi alkawarin riƙewa, wata tara ke nan yana ɗauke da shi shi kaɗai. Bai yi kuka ba. Ya gode mini, ya hau motar ya zauna ta wajen ƙafafunta, bayansa gare ta. Ni na shige ɗakin ajiyar magani na rufe ƙofa na yi kukan da su biyun suka hana kansu. A watan Mayu ƙanwarta ta biyo ta asibiti ta ce mini Dija ta rasu.

Abin da na koya shi ne, aikinmu ba sanin cuta kaɗai ba ne. Mace kan zo asibiti da abin da ya kawo ta a bakinta, ta koma da shi gida saboda wanda ke tsaye a ɗakin, ko ɗa ne, ko suruki, ko miji. Ba kuma Fulani kaɗai ba, na ga haka a matan fastoci da malaman makaranta. Shirun mara lafiya ba rashin jin yare ba ne kullum. Ku fitar da kowa, ku rufe ƙofa, ku rage murya, ku tambaye ta ita da kanta. In tafinta ya zama dole, ku nemo mace tsararta.

Na sha gaya wa kaina cewa layi ne ya yi tsawo ranar, likita ɗaya ne, aiki ya yi yawa. Duk gaskiya ne. Amma mutumin nan da bakinsa ya roƙe ni ya tsaya a waje. Minti biyu kawai uwarsa ke buƙata ita da ni, kuma Ubangiji ya sani ina da minti biyun.