Mai Zama a Hanyar Banɗaki

Lokacin kullen korona, wurin aikinmu ya haɗa ni gida ɗaya a unguwar Al-Sadd, can ƙasar waje inda muke aiki, da wani injiniya ɗan Siri Lanka, mabiyin Buddha. Mutum ne mai sanyin hali, matsalata da shi ɗaya ce. Kullum da asuba sai ya shimfiɗa tabarma a lungun da ke tsakanin ɗakina da banɗaki, ya tanƙwashe ƙafa, ya rufe ido, ya yi tsit kamar an dasa shi.

Ni kuwa tun ina yaro na sha ranƙwashi a kan gilmawa ta gaban mai salla. Na san ba irin tamu yake yi ba, amma ƙafata ta ƙi. Sai in tsaya a bakin ƙofa, ga fitsari ya matse ni, ga alwala ban yi ba, gari kuma yana ta wayewa. In yi gyaran murya, in yi tari, a zamanin da tari ɗaya ke tarwatsa kasuwa, amma bawan Allahn nan ko gezau.

Ranar da hantsi ya fito ban yi salla ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Yana buɗe ido na tare shi.

“Wai shi ubangijin naku ba ya karɓar ibada a falo ne?”

“Wane ubangiji?” in ji shi.

“Wanda kake wa wannan zaman mana!”

Ya ce, “Ai babu kowa. Numfashina nake bi, hankalina ya kwanta. Mahaifiyata takan kai furanni wurin bauta ta yi roƙo. Ni ban yarda akwai mai ji ba, kuma zaman bai ce sai na yarda ba.”

Na yi a'uziyya a zuci. Ashe duk rawar da nake yi riƙe da mara, numfashin wani nake wa ladabi!

Ya tambayi abin da ya hana ni wucewa, na gaya masa. Na ɗauka dariya zai yi, sai na ga jikinsa ya yi sanyi, ya tambayi ƙarfe nawa lokacin sallar ke fita.

Tun daga nan har gasar kofin duniya, da aka raba mu gida, ba ya zama sai ya buga mini ƙofa. Na yi kewar bugun nan.

“Yalla, maza, ɗan'uwa, tashi ka wuce,” yakan ce. “Ni babu mai jirana. Kai akwai.”