Turancin Bakin Gado

Ursule Spéville ba ta tsoron teku. Tun tana budurwa take shiga ruwan gaɓar tsibirin Rodrigues in ya janye, da tsinken ƙarfe a hannu, tana zaƙulo urit, dabbar nan mai hannuwa takwas, daga ramukan duwatsu, ta shanya ta sayar. Abin da take tsoro a duniya shi ne Turanci.

A tsibirin nan kowane yare da wurin zamansa. Kiriyol na gida ne da kasuwa da faɗa. Faransanci na coci ne da masu son a ce sun waye. Turanci kuwa ba a fito da shi sai da dalili, kuma Ursule ta ga dalilin a bakin gadon mijinta Clovis. Likita ya yi ta zolayarsa da Kiriyol, wai ya rage giya, sai ya danna cikinsa, ya juya wajen nas ya koma Turanci. Damina ba ta wuce ba aka binne Clovis.

Daga ranar ta yi rantsuwa ba za a sake binne ta da ranta ba. 'Yarta Nadège ba ta isa ta yi fashin makaranta ba, ko da zazzaɓi.

"Ki buɗe kunne ki koya," take ce mata. "Ni dai na tashi a jahila. Duk ranar da suka juya harshe, ke ce kunnena."

Nadège ta koya, har ta zama malamar makaranta. Ursule ta ishi 'yan kasuwa da labarinta.

Bana sai Nadège ta soma ramewa, abinci ba ya zama mata. Uwar ta raka ta asibiti. Likitan mai fara'a ne, da Kiriyol ya tarbe su.

"Mama, ina urit ɗina? Ko sai na biyo ki ruwa?"

"Kai dai warkar min da ita, ɗan nan, in cika maka kwando. Dubi wuyanka, kamar ba a ba ka abinci."

Ya yi dariya. Yana cikin dariyar ya lalubi ƙarƙashin hammatar Nadège, ya daɗe a wurin. Sannan ya juya wajen nas ya koma Turanci.

Ursule ta dafa ƙarfen gado. Tsoro ya kama ta, amma wannan karon ai tana da kunne.

"Nadège, me ya ce?"

"Ba komai, Mama. Wai gajiya ce."

"Dube ni ki faɗa."

Nadège ba ta dube ta ba. Ta ɗaga kai wajen likitan, ta sassauta murya, ta soma yi masa tambaya da Turanci.